Sulhun Tafkin Manda: a duba mini babin ƙarshe kafin in kai maɗaba'a

Hassana:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Na zo da ƙoƙon barata. Littafin nan da na shekara biyu ina fama da shi ya kai babin ƙarshe, kuma nan ne na cije. Ga waɗanda ba su bi labarin ba, masarautu biyu ne na ƙirƙira, babu su a taswira. Daular Sarmad tana hayin teku, tana da jiragen ruwa da igwa. Masarautar Tafkin Manda kuwa tana can cikin tudu, arzikinta gishiri. Sarmadawa sun fara zuwa ne da sunan fatauci, aka ba su wurin ajiye kaya a bakin kogi. Rumbu ya zama ganuwa, ganuwa ta zama bariki, daga nan sai yaƙi. Shekara 9 ana gwabzawa. Su sun riƙe kogi da bakin teku, Mandawa sun riƙe rijiyoyi da hanyar ayari. Zazzaɓi yana cin waɗancan, yunwa tana cin waɗannan, kowa ya gaji.

Ga sharuɗɗan sulhun da na rubuta. Na ɗaya, a ajiye makami daga tsayuwar wata. Na biyu, kowa ya saki kamammun da ke hannunsa ba tare da fansa ba. Na uku, Sarmadawa su janye daga cikin ƙasa su koma bakin kogi, tashar jiragen ta zama tasu. Na huɗu, farashin gishiri sai abin da ɓangarorin biyu suka amince da shi. Na biyar, ba mai taɓa addinin wani ko al'adarsa. Na shida, sarakunan biyu 'yan'uwa ne, babu babba babu ƙarami.

Daga nan aka yanka shanu, aka yi hawa, littafi ya ƙare. Na karanta sau uku raina bai kwanta ba, amma na kasa gane inda gizo ke saƙar. Don Allah kada a ji nauyina.

Sarkin Surutu:
Ai inda gizo ke saƙar a fili yake: babu aure. A ɗaura wa yariman Sarmad aure da gimbiyar Manda, a yi kamu, a yi buɗar kai, shi ke nan an zama surukai. Ba wanda zai cire kuɗinsa ya sayi littafi don ya ji farashin gishiri.

Anti Rakiya:
Kai dai Allah ya shirye ka. Ƙanwata, tunda kin ce kada a ji nauyinki, wannan ba sulhun yaƙi ba ne, sulhun maƙwabta ne a ƙofar gidan mai unguwa a kan akuya ta ci shuka. Mutanen da suka ƙetaro teku, suka yi shekara 9 suna binne 'ya'yansu a ƙasar da ba tasu ba saboda gishiri, su ne za su ce farashi sai yadda aka amince? Tun babi na huɗu kin nuna mana attajiran Sarmad suna bin sarkinsu bashin kuɗin jirage. Ina suka shiga a babin ƙarshe? Sun yafe ne? Ni na fi jin haushin sharaɗi na shida. Duk wanda ya zo gidanki da igwa ya ce ku 'yan'uwa ne, tambaye shi wane ne wa, wane ne ƙane.

Ɗan Zango:
Gaskiya Anti ta taɓo wurin. Hajiya Hassana, abin da ya ɓace a takardarki shi ne diyya. Bari in ba ki misali daga nan Kumasi inda nake zaune. A watan Fabrairu na 1874 Janar Wolseley na Ingila ya shiga Kumasi ya ƙone ta ya juya da sauri, don damina ta kusa kuma zazzaɓi yana kayar masa da sojoji. Wato shi ma bai iya zama ba, kamar Sarmadawanki. A hanyarsa ta komawa, a garin Fomena, manzannin Sarkin Tonawa, wato Asante, Kofi Karikari suka same shi aka tsara sulhu. Me aka rubuta? Asante za ta biya oza 50,000 na zinariya. Za ta cire hannunta daga Elmina da ƙasashen kudu irin su Denkyira da Assin da Akyem. Za ta bar hanyar Kumasi zuwa kogin Pra a buɗe a share don 'yan kasuwa. Manzannin sun zo da kimanin oza 1,000 a matsayin kafin alƙalami.

To ga inda nake so ki lura. Kowa ya san ba za a iya biyan sauran ba, kuma Turawa ba su matsa ba. Sun ninke takardar sun ajiye. Sai bayan shekara 22, a 1896, suka dawo Kumasi suka shimfiɗa ta a gaban Prempeh na ɗaya, wanda ko sarauta bai hau ba lokacin da aka yi ta, suka ce a cika. Da bai cika ba suka kama shi da mahaifiyarsa da manyan fadawansa, aka kai su Elmina, daga nan Saliyo, daga nan tsibirin Seshel. Bai sake ganin Kumasi ba sai 1924. Bashin da ba a son a biya ya fi igwa amfani, don igwa sai an ɗauko ta, shi kuwa yana cikin aljihu.

Sarkin Surutu:
Allah sarki Tonawa. Turawa dai ba su da kirki.

Ɗan Zango:
Kafin ka gama tausayin, ka sani a wannan yaƙi na 1874 akwai rundunar Kyaftin Glover da ta ɓullo ta gabas, daga wajen kogin Volta, kuma ƙashin bayanta sojojin da ake kira Hausawa ne. Jin tahowarta yana cikin abin da ya sa Kofi Karikari ya gaggauta aika manzanni. Wannan ma wani giɓi ne a littafin. Hajiya, ba yadda za a yi Sarmadawa su yi shekara 9 suna yaƙi da mutanensu kaɗai. Dole sun ɗauki 'yan ƙasa aikin soja, bayi da suka gudu, 'ya'yan sarauta da aka hana gado, talakawa masu neman abinci. Ranar sulhu ina za su?

Baba Malam:
Wa alaikumus salam 'yata. Sannu da ƙoƙari, Allah ya yi wa alƙalami albarka. Na karanta da safe, na bari sai da na dawo daga masallaci don in samu natsuwa.

Tambaya ɗaya zan fara yi miki: da wane harshe aka rubuta takardar? Kin ce Sarmadawa harshensu dabam, rubutunsu dabam. Ashe ke nan takardu biyu ne ba ɗaya ba, kuma akwai mutum ɗaya a cikin rumfar sulhun wanda shi kaɗai ya san abin da ke cikin kowacce. Shekara 31 na yi ina koyar da tarihi, ban taɓa ba ɗalibai labarin Wucale ba tare da ajin ya yi tsit ba. A ranar 2 ga Mayu 1889 Menelik na Habasha da wakilin Italiya, Antonelli, suka sa hannu a yarjejeniyar abota a garin Wucale. Sashe na 17 a harshen Amhara ya ce sarki yana iya neman taimakon Italiya wajen hulɗa da sauran ƙasashen Turai in ya ga dama. A harshen Italiyanci kuwa sashen ya ɗaure shi, ya ce ta hannun Italiya zai riƙa yin hulɗar. Da wannan Italiya ta shelanta wa Turai cewa Habasha tana ƙarƙashin kariyarta. Menelik bai gane ba sai da ya aika wa sarakunan Turai wasiƙa aka amsa masa cewa ya bi ta hannun Italiya. Ya yi watsi da yarjejeniyar a 1893, aka je Adwa ranar 1 ga Maris 1896, Italiya ta sha kashi.

Sulhun da ya rufe wannan yaƙi shi ne na Addis Ababa, 26 ga Oktoba 1896. An soke Wucale, Italiya ta amince Habasha ƙasa ce mai cin gashin kanta. Amma duba da kyau: wanda ya ci yaƙi ma bai samu komai da komai ba. Iritiriya ta zauna a hannun Italiya, Habasha ta zauna ba ta da bakin teku. Sojojin Menelik abincinsu ya ƙare, ba zai iya bin su har gaɓa ba. Game da tambayar Ɗan Zango kuma, fursunonin Italiya an riƙe su an mayar da su gida, amma ɗaruruwan askarawa 'yan Iritiriya da suka yi wa Italiya yaƙi an yanke musu hannun dama da ƙafar hagu a matsayin maciya amana. Takardar sulhu ba ta dawo wa kowa da hannunsa ba.

Hassana:
Innalillahi. Baba Malam, wallahi ban taɓa tunanin tafinta ba. A kaina kawai kowa yana jin maganar kowa. Kuma ina da mutumin da ya dace: Ɗan Baiwa, yaron nan da Sarmadawa suka sace a babi na biyu suka raine shi a jirgi. Na rasa yadda zan yi da shi tun babi na tara, na bar shi yana ta yawo a kasuwa. Ashe aikinsa yana jiransa. To in sa shi ya karkatar da fassarar, Sarkin Manda ya sa hannu bai san an sayar da shi ba?

Anti Rakiya:
A'a, tsaya. Nan ne ni da Baba Malam za mu raba hanya, tare da girmamawa. Na gaji da labarin da kullum baƙar fata wawa ne, an ba shi madubi ya dangwala yatsa. Sarkinki ya yi shekara 9 yana riƙe da rijiyoyi a gaban igwa, ba za ki mayar da shi gaula a shafi uku na ƙarshe ba. Ki bar shi ya sani. Ya san takardar tana da dafi, ya san Sarmadawa za su dawo, amma ya zagaya rumbunan gari da daddare ya ƙwanƙwasa ya ji suna amsawa kamar ganga. Ya sa hannu yana sane. Wannan ya fi ciwo, kuma ya fi mutunci. In yaudarar tafinta ce kawai, mai karatu zai tsine wa mutum ɗaya ya rufe littafi ya yi barcinsa.

Baba Malam:
Rakiya, ba mu raba hanya ba tukuna, ban ce sarki wawa ne ba. Menelik da matarsa Taitu ai ba su yi kama da wawaye ba. Abin da nake cewa shi ne sau da yawa ba ƙarya ake yi a fassara ba, kalma ce ake zaɓa mai fuska biyu, kowane ɓangare ya san haka, kowa ya yi shiru don ya samu abin da zai kai gida. Ga misali a ƙofar gidanmu. A 1885 Joseph Thomson ya zo Wurno a madadin kamfanin da daga baya ya zama Royal Niger Company, ya ƙulla takarda da Sarkin Musulmi Umaru, ya wuce Gwandu ya ƙulla wata. Kamfani yana biyan kuɗi duk shekara. A wurin Sakkwato, baƙin fatake ne aka ba izinin ciniki suna kawo gaisuwa, kamar yadda kowane baƙo yake yi. A wurin kamfani kuwa, takarda ce da ake nuna wa Faransa da Jamus a ce wannan yanki namu ne. Buhun wuri ɗaya, wani yana rubuta shi gaisuwa, wani yana rubuta shi kuɗin haya.

Da 1903 ta zo ma ba a tsaya wani sulhu ba. Kano ta faɗi a farkon Fabrairu, Sakkwato ranar 15 ga Maris, Lugga, jagoran Turawan Ingila, ya tsaya ya ce abin da Fulani suka samu da takobi ya koma hannun Ingila da takobi. Ba wanda aka miƙa wa alƙalami. Alkawarin da ya yi da baki shi ne ba za a hana addini ba, irin sharaɗinki na biyar. Shi wannan ba ya yi wa mai mulkin mallaka tsada, shi ya sa yake saurin bayar da shi.

Ustaz na Gusau:
Salamu alaikum. Ina bin muhawarar tun ɗazu. Ina tare da Anti Rakiya a kan cewa wanda ya sa hannu a kan sharaɗi mai ɗaci ba dole ne ya zama maci amana ko wawa ba. Na san Hudaibiyya ba yaƙin mulkin mallaka ba ne, kuma ba na kwatanta Manzon Allah (SAW) da sarkin labari, amma marubuci zai koyi yadda zaman sulhu yake daga nan. A shekara ta 6 bayan hijira, Suhailu ɗan Amru, wakilin Ƙuraishawa, ya ƙi a rubuta Bismillahir Rahmanir Rahim, ya ƙi a rubuta Manzon Allah. Sayyidina Ali da ke riƙe da alƙalami ya kasa gogewa. An yarda duk wanda ya gudo daga Makka a mayar da shi, wanda ya gudu daga Madina kuwa ba za a mayar ba. Ana cikin rubutu Abu Jandal, ɗan shi Suhailun, ya iso da mari a ƙafa yana neman ceto, aka mayar da shi. Sayyidina Umar ya kasa haƙuri har ya je yana tambaya, ashe ba mu ne a kan gaskiya ba? Sulhun shekara 10 aka ƙulla, bai kai shekara 2 ba ɓangaren Ƙuraishawa ya karya, aka buɗe Makka a shekara ta 8.

Malama Hassana, rumfarki ta yi shiru da yawa. Ina mai kuka? Ina barden da zai jefar da rawaninsa ya fita? Ina wanda za a miƙa ga abokan gaba a gaban idon kowa tun tawada ba ta bushe ba?

Baba Malam:
Ustaz ya tuna mini da abin da ya kamata in faɗa tun farko. A Sakkwato an samu hanyoyin nan biyu. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira gabas da jama'a masu yawa, ya yi shahada a Burmi ranar 27 ga Yuli 1903. Waziri Buhari ya dawo ya zauna da waɗanda ba su iya tafiya ba, ya yi mu'amala da Turawa, daga baya ya rubuta wa malamai risala yana bayanin dalilinsa, kuma duk wanda ya karanta ya san zuciyarsa ba ta kwanta ba. Har yau ban iya ce wa ɗalibaina ga wanda ya yi daidai ba. 'Yata, ki raba fadar Manda biyu haka.

Ɗan Damagaram:
Ina wuni jama'a. Ni ta Faransa na sani, don ita muka karanta a lakwal. Sarki Abdulƙadir na Aljeriya ya ƙulla sulhun Tafna da Janar Bugeaud ranar 30 ga Mayu 1837. Faransa ta riƙe garuruwan gaɓa, shi ya riƙe mafi yawan cikin ƙasa, daidai da sharaɗin Hajiya na uku. Amma iyakar gabas an rubuta ta a dunƙule, nassin Larabci da na Faransanci ba su zo ɗaya ba. A 1839 rundunar Faransa, har da ɗan sarkinsu a ciki, ta ratsa mashigin duwatsun Biban, wurin da Abdulƙadir yake ganin nasa ne. Yaƙi ya dawo sabo. Abin da nake so a gani shi ne dukansu biyu sun ci moriyar shekaru biyun nan. Faransa ta samu sarari ta kama birnin Kusantina, shi kuma ya gina garuruwa ya tsara soja ya kafa maƙerun bindiga. Ba wanda ya kwanta barci. Da ya miƙa wuya a Disamba 1847 an yi masa alkawarin kai shi Iskandariyya ko Akka, sai ya tsinci kansa a tsare a Faransa har 1852.

Ko sulhun Evian na Maris 1962, wanda Aljeriya ta fito da 'yancinta bayan yaƙin fiye da shekara 7, Faransa ta riƙe tashar sojan ruwa ta Marsal Kabir da hayar shekara 15, ta riƙe wuraren gwajin nukiliya a Sahara, ta ci gaba da gwaji har 1966, kuma kamfanoninta sun zauna a kan man fetur har aka ƙwace a 1971. Harkawa kuwa, 'yan ƙasa da suka yi mata soja, da yawa an bar su a baya aka yi musu kisan gilla. Mu nan Nijar ma, yarjejeniyar tsaro ta 1961 tana da rataye a kan ma'adinai irin su yuraniyom, kuma in na fara wannan magana...

Uwar Zaure:
Kada ka fara, ɗana. Dokar zaure tana nan, siyasar yau a kai ta wani wuri. Tarihi a kan littafin Hassana kawai.

Ɗan Damagaram:
Na tuba Hajiya. Abu ɗaya kawai game da tafinta: aiki ne mai haɗari. A 1898 da aka kashe Kyaftin Cazemajou na Faransa a nan Zinder zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, tare da tafintansa aka kashe shi.

Yaya Tafinta:
Tunda an kira sana'ata bari in fito daga ɓoye. Shekara 14 ina tafinta a kotu. Hassana, kada ki sa Ɗan Baiwa ya yi ƙarya. Tafinta ba ya buƙatar ƙarya, harshe ne yake yi masa aikin.

Akwai wata shari'ar gona da har yau take damuna. Wani tsoho, rigarsa duk ƙasar kaftu, ya tsaya a akwatin shaida aka tambaye shi yadda gonar ta shiga hannun mahaifin wanda ake ƙara. Ya ce, "Na ba shi ya noma." Ni kuma na juya da Turanci da kalmar bayarwa, don ita ce ta zo bakina kuma ita ce daidai a zahiri. Lauyan ɗaya ɓangaren ya yi murmushi ya ce a rubuta. Ni na san aro tsohon yake nufi, duk wanda ya tashi a ƙauye ya sani. Amma ba a ba tafinta damar sharhi ba, kuma lauyan tsohon yana duba wayarsa. Sai a zama na gaba aka warware, da wani dattijo ya ba da shaida cewa duk kaka ana kai wa tsohon dami guda na gero, kuma da mai noman ya so dasa mangwaro an hana shi. Wannan ne ya ceci gonar, ba fassarata ba. Makonni uku tsakanin zaman biyu ban yi barcin kirki ba.

A ƙauyenmu alamar aro biyu ce: damin shekara, da hana dasa itace ko haƙa rijiya. Wanda aka ara wa gona yana shuka abin da zai girbe ya tafi. Ranar da ya dasa itace, ya fara cewa tasa ce.

Hassana:
Yaya, tsaya, hannuna har rawa yake. Bakin kogin! Sharaɗi na uku! A harshen Manda a rubuta an ba su bakin kogi su zauna, wato aro, kuma duk shekara su kawo wa sarki jirgi guda na kaya. A harshen Sarmad kuwa ya fito an ba su, jirgin kayan kuma su rubuta shi kyautar da babba yake yi wa ƙarami. Ɗan Baiwa ya san duka biyun, sarki ya kalle shi, shi ma ya kalli sarki, ba wanda ya ce uffan. Haka Anti ta samu nata, Baba Malam ya samu nasa.

Anti Rakiya:
Yanzu kika fara magana. Amma ban gama da ke ba. Wa ke cikin rumfar? Sarakuna, barade, malamai, tafinta. Wa ke haƙar gishirin? Ke da kanki kika rubuta mana matan da ƙafafunsu suka tsattsage da ruwan kanwa, da bayin da ke ɗaukar kantu zuwa ayari. An yi shekara 9 ana yaƙi a kan abin da hannunsu ke fitarwa, kuma ba a ambace su ko a layi ɗaya ba.

Baba Malam:
In ba a ambace su ba ma da sauƙi, Rakiya. Wani lokaci ana ambatar su ne don a sayar da su. Sulhun Vereeniging, 31 ga Mayu 1902, shi ya rufe yaƙin Ingila da Turawan Boer a Afirka ta Kudu. Wakilan Boer 60 suka kaɗa ƙuri'a, 54 suka yarda, 6 suka ƙi. Sun rasa jamhuriyoyinsu biyu, amma an ba su fam miliyan 3 na gyaran gonaki, an bar musu harshensu a makaranta da kotu, an yi musu alkawarin mulkin kai. Sashe na 8 kuwa ya ce maganar ba baƙar fata ƙuri'a a jingine ta sai bayan an ba Boer mulkin kai. Wato an miƙa wa kura ajiyar nama. Baƙar fata dubbai sun mutu a sansanonin wannan yaƙi, ba ko ɗaya a teburin. A 1910 aka haɗe ƙasar, a 1913 aka yi dokar da ta keɓe musu kusan kashi 7 cikin 100 na ƙasar kakanninsu. Maƙiya biyu sun shirya, wanda ba ya ɗakin ne ya biya kuɗin shirin.

A littafinki abin da zai fi kama da gaskiya shi ne sharaɗin mayar da bayin da suka gudu. Sarkin Manda yana son masu haƙar gishirinsa su dawo, Sarmadawa suna son gishiri ya ci gaba da fita. A nan ne kaɗai za su yi saurin amincewa da juna.

Ustaz na Gusau:
Ƙarin bayani a kan mata: bayan Hudaibiyya Ummu Kulsum 'yar Uƙba ta yi hijira zuwa Madina, 'yan'uwanta maza suka biyo ta suna neman a cika sharaɗi, ba a mayar da ita ba, aka saukar da ayar Suratul Mumtahana a kan haka. Ko a can sai da aka tsaya a kan tambayar ko sharaɗin ya haɗa da mata.

Sarkin Surutu:
To ni duk wannan ya yi mini nauyi. Auren fa? An kashe maganar ke nan?

Anti Rakiya:
A yi auren, amma a kira shi da sunansa. Gimbiyar da aka kai hayin teku bayan yaƙi garkuwa ce da lalle a hannu. In sarki ya motsa, a tuna masa 'yarsa tana can.

Sarkin Surutu:
Kun ɓata mini biki. Allah ya isa tsakanina da masana tarihi.

Ɗan Zango:
Ni ban yarda a cusa duka a babi ɗaya ba fa. Diyya, tafinta, bayi, askarawa, aure, fada ta rabu biyu. Zai zama darasin tarihi sanye da rigar labari. Hajiya ta zaɓi biyu ko uku. In ni ne, diyya ba za ta fita ba.

Yaya Tafinta:
In ni ne diyyar ce za ta fara fita. Yaƙin canjaras aka yi, Sarmadawa ba su ƙone birnin ba kamar Kumasi, da wane ƙarfi za su ɗora diyya?

Ɗan Zango:
Ba sai an kira ta diyya ba, Yaya. A ce kuɗin ciyar da kamammu ne, ko kuɗin rumbunan da aka ƙone a farkon rikici. Suna ba ya wahalar samu.

Hassana:
Na kwana a kai. Na cire yankan shanu da hawa. Diyya na mayar da ita kuɗin rumbuna, kantu dubu kaza duk shekara, a bakin Ma'ajin Manda za a ji cewa tafkin ba ya fitar da rabin haka. Aure babu, Sarkin Surutu ka yi haƙuri. Madawaki zai fita daga rumfar ya ɗebi mutanensa ya yi arewa. Sharaɗin bayi yana nan, kuma cikin waɗanda za a mayar akwai uwar Ɗan Baiwa, shi ne zai karanta sharaɗin da bakinsa a harsuna biyu. Ga sakin layi na ƙarshe yadda yake yanzu:

"Da damina ta kewayo, Iya Ta-Tafki ta sauko bakin kogi da kwandon gishirinta. A gefen ganuwar Sarmadawa ta ga wasu yara suna jera ƙananan kewaye na ƙaya, kowanne da tulu a gindinsa. Ta leƙa ɗaya. Dashen dabino ne, ganye biyu, bai kai tsawon tafin hannu ba. Ta ƙirga har arba'in ta daina. Ta sauke kwandon, ta zauna a ƙasa, ta tambayi yaron da ke ban ruwa shekara nawa dabino yake yi kafin ya haihu."

Baba Malam, Yaya, a duba mini.

Yaya Tafinta:
Kada yaron ya amsa. Ki bar shi haka.

Ɗan Damagaram:
Hajiya, gyara ɗaya. Kin ce bakin kogin fadama ce mai sauro da ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, har zazzaɓi yana kashe su. Dabino ba ya son wannan, kansa a wuta ƙafarsa a ruwa yake so, kamar na Bilma. A irin wannan gaɓa kwakwa za su dasa.

Hassana:
Kash. To kwakwa tana da ganye biyu in tana ƙarama? Wa ya taɓa ganin dashenta?

Ɗan Zango:
Akwai a bayan gidan maƙwabcina. Bari gari ya waye in ɗauko miki hoto.